Ɗan Bambancin da ke Tsakanin Hassana da Usaina

Lafiya,
Jihar Nasarawa.

Zuwa ga 'yata Hassana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da yayanki da iyalinsa a nan Abuja. Allah Ya tsare mini ke a zaune, Ya tsare ki a tafe, Ya sa inda za ki ya karɓe ki da alheri. Babanku yana gaishe ki, kakarku Hajiya ma haka.

Na zaɓi rubutu ne domin a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana. Sai ki sa kuka, ni kuma da na ji kukanki bakina ya mutu. Jiya kin ce mini kin fasa tafiya. Kin ce tun da kika bar gida Usaina ta kwanta zazzaɓi, saboda haka abin da mutane ke faɗa ya tabbata, ba a raba tagwaye. Wai za ki bar jirgi ya tashi ba ke, ki rubuta wa malaman da suka ɗauke ki karatun digirin digirgir a Turai su ba wani gurbinki. To ki nemi wuri ki zauna, yau ni zan yi magana har in gama.

Zazzaɓin Usaina sauron fadamar Kwandere ne. Yarinyar da ke yini a cikin shinkafa ruwa har gwiwa, me zai hana sauro ya san sunanta? An kai ta asibiti, an ɗebi jini, an ce maleriya ce, ta sha magani. Daren jiya ma ta tashi da tuwon da aka ajiye wa babanku, tana neman ƙari. Wannan shi ne iyakar labarin zazzaɓin da zan ba ki.

Kun zo duniya a gidan da ake son tagwaye ana kuma jin tsoronsu. Tun ranar suna Hajiya ta kafa mini doka: duk abin da aka yi wa ɗaya a yi wa ɗaya, in ba haka ba ran ɗayar ya ɓaci, tukunya ta ƙi tafasa, kunama ta shigo ɗaki. Lokacin ina koyar da fiziks a sakandaren 'yan mata, in na shiga ɗakin malamai har dariyar maganar nake yi. Amma da na dawo gida sai in bi dokar tiryan-tiryan. Atamfa iri ɗaya, takalmi iri ɗaya, kitso iri ɗaya, lalle har zanensa ɗaya. In ke kika fasa kwano, ku biyu ake yi wa faɗa. Wata rana kuna ƙanana tari ya kama Usaina, na ɗauko maganin ina ba ta, Hajiya ta tsaya a kaina ta ce a ɗan lasa wa Hassana ita ma, kada ta ga an ware ta. Ni malamar kimiyya, na cika cokali na ba ki. Kika yini kina sharar barci, lafiyarki ƙalau, ita kuma mai tarin tana ta wasa a tsakar gida.

Ki duba abin da kike shirin yi a Abuja, shi ne dai cokalin nan. Ciwo na Usaina, ke ce za ki sha maganin. Ranar ban san yadda zan ce wa surukata a'a ba, yau na sani, kuma ke nake gaya wa: kada ki ƙara shan maganin ciwon da ba naki ba. Ki tausaya wa mai ciwo, ki yi masa addu'a, ki kira shi ki ji jikinsa. Kwanciyarki kusa da shi ba ta rage masa zafin jiki ko kaɗan.

Kuskurena na biyu ya fi wannan tsada. Kuna firamare hedimastanku, wani dattijo ɗan Tibi mai haƙurin gaske, ya aiko a kira ni. Ya ce yana so ya tsallakar da ke aji. Har yau ina jin muryarsa:

"Madam, wannan yarinya kan shi ya wuce wannan kilas. Ka bar shi ya je gaba. Ɗayan ma yana da kokari, amma hanyan shi daban ne."

Na ce masa ko su biyu ko babu. Ya dube ni ta saman gilashi ya tuna mini cewa ni ma malama ce, na ce na sani, na ɗauki jakata na fito ina jin na yi adalci. Da kuka shiga sakandare sai makinku ya riƙa zuwa kusan daidai, darasi bayan darasi, ni kuwa ina yawo da shi gidajen maƙwabta ina cewa ku ga ikon Allah, har ƙwaƙwalwarsu ɗaya. Sai da kuka girma Usaina ta gaya mini tana dariya cewa ke kan bar tambayar ƙarshe ba ki amsa ba, da gangan. Ita kuma tana zaune a ajin kimiyyar da ba ta so, tana haddar abin da bai dame ta ba, don kada a ce ta bar ki ke kaɗai. Ke kina rusunawa, ita tana ɗage a kan yatsun ƙafa, don kawunanku su zo daidai a hoto. Shekaru kuka yi a haka, ku biyu duka a gajiye. Allah Ya yi wa Usaina albarka, ita ta fara ƙin yarda. Da kuka shiga jami'ar nan ta garinmu ta ce ita noma za ta karanta, aka yi ta fama da ita ta kafe, ga shi yau riɗinta da shinkafarta har daga wasu garuruwa ake zuwa nema.

Ga abin da nake so ki tafi da shi ɗakin gwajinku. In abu biyu suka fito miki daidai wa daida har abin ya yi kyau da yawa, ki tsaya ki sake dubawa, domin wataƙila wani ne ya rusuna. In kuma ɗan bambanci ya leƙo, kada ki shafe shi don babban farfesa yana son lissafi mai santsi. Ki sake aunawa, ki ba abokan aikinki su yi masa duk tambayar da za su iya, har wadda za ta ɓata miki rai. In ya rushe, ki gode musu ki wuce, ba abin kunya ba ne. In ya tsaya, ki miƙe ki faɗe shi da muryar da na baya za su ji. Kuma kada in sake jin kin bar tambayar ƙarshe don wani ya ji daɗi.

Na uku kuwa ke kika kama ni da shi, kuma har yau in na tuna sai in ji daɗi. Kina shekarar ƙarshe a jami'a, ranar bikin 'yar maƙwabtanmu, ina gaban madubi ina sa kwalli. Kika tsaya a bayana kika tambaye ni: in aka ɗauki bidiyon wani gwaji, aka kuma ɗauki bidiyon hotonsa a cikin madubi, akwai wanda zai iya gane na gaske? Na ba ki amsar da na yi shekaru ina ba 'yan mata a aji. Na ce dokokin halitta ba su san hagu ba, ba su san dama ba, duk abin da ya faru a madubi zai iya faruwa a waje. Kika ce, Mama, ba haka ba ne. Kika ce tun kafin a haife ni aka gwada. An sanyaya ƙarfen kobalt har kusan iyakar sanyi, aka jera ƙwayoyinsa da maganaɗisu duk suna juyi gefe ɗaya, sai ilektiron da ke fita daga cikinsu suka fi son bin wata fuska a kan ɗayar. Hoton wannan a madubi ba ya faruwa a duniyarmu. Kika ƙara da cewa mace ce ta jagoranci gwajin, don kin san inda za ki taɓa ni.

Na yi gardama har kwallin ya zube mini a kunci. Muka makara, aka gama kamu ba mu je ba. A cikin keke napep kika ci gaba, ina ja kina ja, har mai keken ya waiwayo ya tambaya ko wannan karatun na boko ne ko na aljanu. Kafin mu isa gidan bikin na sallama. Ban taɓa jin daɗin faɗuwa a gardama irin na ranar ba. Na shiga cikin mata ana guɗa, ni abin da nake yi wa murna daban.

Bari in maimaita miki karatun yadda na riƙe shi, ki ga ko tsohuwar malama tana nan. Kin ce kowace ƙwaya da aka gina duniya da ita tana da abokiyar haihuwa. Ilektiron yana da fositiron, nauyinsu ɗaya, cajinsu ne akasin juna, kuma tarin irin waɗannan abokan haihuwar shi kuke kira antimata. Kin ce masana sun daɗe suna ɗauka akwai musanya uku da halitta ba ta damu da su ba: a juya hagu ta koma dama, a musanya kowace ƙwaya da abokiyar haihuwarta, a mayar da bidiyo baya. Ta madubi ce ta fara faɗuwa. Sai suka ce to, a haɗa madubi da musanyar abokan haihuwa, lissafi zai dawo daidai. Suka ɗan huta a kan haka, sai wasu ƙwayoyi da kuke kira kayon suka nuna cewa nan ma akwai saura. In suka tashi rushewa, sun fi karkata gefe ɗaya da ɗan kaɗan, kaɗan ɗin da sai mai naci zai gani.

Abin da ya hana ni sakat shi ne abin da kika faɗa daga baya. Kin ce bisa lissafi, a farkon halitta ƙwayoyi da abokan haihuwarsu sun fito ne kai da kai. Kuma duk inda biyun suka haɗu sai su ɓace tare, su koma haske. Da sun zo daidai cif, da kowace ta tafi da tata, babu tauraro, babu ƙasa, babu Lafiya, babu mai tambaya. Amma a cikin kowane biliyan sai aka sami kamar guda ɗaya ta yi rara, ba ta sami wadda za ta ɓace da ita ba. Daga wannan rarar Allah Ya gina duk abin da ido ke gani. Da na ji haka sai na tuna innata a Keana tana dafa gishiri. Ita da matan garin su kwaso ƙasa mai gishiri, su zuba ruwa ya tsiyaye ta ƙasan tukunya, su ɗora a wuta yini guda. Ruwa cike da tukunya duk ya tashi hayaƙi, abin da ya kwanta a gindin ɗan kaɗan ne, kuma don shi aka ƙone itacen duka.

Kin ce bambancin da aka gano zuwa yanzu ya yi ƙanƙanta ƙwarai, bai isa ya bayyana wannan rarar ba. Akwai wani a ɓoye wanda ba a kama ba tukuna, shi ake farauta da manyan na'urori a ƙarƙashin ƙasa, kuma cikin masu farautar aka ce ki zo. 'Yata, jikar mai dafa gishiri. Hassana, ni ba na ɓoye alfahari, ranar da saƙon ya zo sai da na taka rawa a tsakar gida babu kiɗa, babanku yana cewa in yi a hankali da gwiwata.

Na san za ki ce mutane ba ƙwayoyi ba ne, kuma gaskiyarki. Ke da Usaina kun kwana ɗaki ɗaya tun haihuwa, babu wadda ta ɓace. Abu ɗaya kawai na ɗauka daga karatun naki. Kin ce duk da halinsu ya bambanta, nauyin ƙwaya da na abokiyar haihuwarta ɗaya ne, an auna an sake aunawa ba a sami saɓani ba. Ni na yi shekaru ina tsoron cewa in na bar halinku ya bambanta, za a ce nauyinku a zuciyata ma ya bambanta. Ashe abu biyu ne daban na cakuɗa. Nauyinku a wurina ɗaya ne, ko kina Turai tana Kwandere.

Yanzu bari in ba ki labarin abin da ba ki gani ba, domin kina can wajen neman biza aka yi shi. Kin san Hajiya ta ce ba za ki tafi ba. Ta ce ba a taɓa sa teku tsakanin tagwaye ba, ɗaya za ta ja ɗaya. Babanku kuwa in mahaifiyarsa ta yi magana kansa a ƙasa yake. Sai na yi wanka na sa mayafi na tafi sashenta da hantsi, na gaishe ta, na zauna a ƙasa. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa mayar mata da magana ba, ranar ma ban mayar ba, tambaya na yi. Na ce, Hajiya, idonki ya yi rauni yanzu, mutanen unguwa masu ido biyu suna ruɗewa tsakanin yaran nan, ke yaya kike gane su? Ta yi tsaki, ta ce wane irin zance ne wannan.

"Ni tun daga zaure nake sanin wadda ta shigo. Usaina ƙafarta ke sallama kafin bakinta. Hassana kuwa sai ta tsaya ta kalli abu a hanya, ko tururuwa ce. Tun suna zanen goyo ban taɓa ɗaukar wannan a wannan ba."

Na ce to Hajiya, ashe mutum biyu Allah Ya ba mu. Ta ɗauki carbinta tana ja, har na fara tunanin na ɓata komai. Can ta ce in buɗe akwatinta in ɗauko bargon da ta zo da shi daga aikin Hajji. Ta ce a ba mai tafiya, an ce ƙasar akwai sanyi. Na tsaya da bargon a hannu ina jiran ta ambaci na Usaina, don ban taɓa fita ɗakin nan da abu guda ɗaya ba. Ta ce me nake jira, Usaina sanyin me take ji a Lafiya? Na fito ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Ranar na ɗora tukunya da kaina, ta tafasa kamar kullum. Bargon da ke cikin akwatinki ke nan, ki san da abin da aka samo shi. Tsohuwar da ta kafa dokar ta sauke ta da hannunta, ba zan yarda ke mai digiri biyu ki sunkuya ki ɗauka ba.

Sauran kuwa ƙananan abubuwa ne, amma ki riƙe. Ki nemi lokutan sallar garin tun ranar da kika sauka, an ce rana a can ba ta da tsari irin namu. Ki ci abinci mai zafi ko sau ɗaya a yini, na san ki in lissafi ya kama ki. Ki gaishe da mai shara da mai gadi yadda kike gaishe da farfesa. In ba ki gane abu ba ki ce ba ki gane ba, ki sake tambaya, Turancinki na Lafiya ya ishe ki, ba gasar harshe kika je ba. In aka tambaye ki daga ina kike, kada ki tsaya a Najeriya, ki ce Lafiya, ki bar su su nemo ta a taswira. In kin kira Usaina, kada ki ɓata kiran duka a kan jikinta da abin da ta ci. Ki ba ta labarin kayon ɗinki ko ba ta so, ki saurari labarin riɗinta ko ba kya so, haka 'yan'uwa manya suke yi. Kewa za ta zo, ba na yi miki ƙarya. Ni ma tana nan tare da ni tun da motarku ta bar tasha. In ta zo ki yi kukanki ki wanke fuska ki koma aiki.

Da safen nan na gama haɗa karin kumallo, sai bakina ya yi abin da ya saba, na ɗaga murya na ce 'yan biyu ku fito ku karya. Usaina ta fito daga ɗaki da takalmin robanta na gona a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, Mama, babu 'yan biyu a gidan nan yau, akwai Usaina, in ita nake nema in kira ta. Na kira sunanta shi kaɗai, ta amsa, muka yi dariya har da hawaye. Sai na gaya mata abin da kika ce a waya. Dariyar ta ɗauke. Ta ajiye takalmin ta ce in rubuta miki wannan yadda ta faɗe shi, kada in gyara:

"Ki ce mata kada ta mayar da ni dalili. In ta dawo saboda ni, duk garin nan za su ce Usaina ce ba ta iya tsayuwa ita kaɗai, kuma ni na iya. Ta je ta yi nata, ta bar ni in yi nawa a gan shi."

Ta sa takalminta ta tafi Kwandere, da sauran maganinta a jaka.

Saboda haka ki share fuska ki rufe akwati. Na gaya wa yayanki ya kai ki filin jirgi, kada ya juyo sai ya ga kin shige. Allah Ya ɗaga ki lafiya, Ya sauke ki lafiya. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya haɗa ki da malamai masu gaskiya, Ya buɗe miki abin da kika je nema. Na yafe miki duniya da lahira, na sa miki albarka, ke kaɗai, da sunanki. Ki hau jirgin, Hassana.

Wassalam,
Mahaifiyarki.